Ranar da injin ruwa ya ƙi tsayawa: jiran zare da sauyin agogon kwamfuta

Da hantsi aka kira ni daga wata rijiyar burtsatse da ke wajen Ƙofar Ƙwaya a Katsina, inda masu kura ke layin sayen ruwa. Da na isa na tarar ruwa yana ta kwarara daga saman tanki, ya bi kwata ya cika lungu, maƙwabta sun fito suna ta magana. Mai wurin, dattijo ne mai haƙuri, ya dube ni ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce mini minti ashirin zai yi ya kashe kansa ba? Yau fiye da awa guda yana ta ja." Na ce, "Haka na ce, Alhaji, kuma haka na rubuta." Gaskiya na faɗa masa, haka na rubuta. Injin lafiyarsa lau, wayoyi ba su ƙone ba, manhajar kuma ba ta mutu ba. Tana nan zaune tana jiran minti ashirin ɗin su cika, a kan agogon da aka janye mata baya ba ta sani ba.

Ƙaramar kwamfuta ce na haɗa masa, ba ta fi sabulun wanki girma ba, tana aiki da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Manhajar da ke cikinta tana da abin da masu wannan sana'a ke kira zare, wato hannuwan aiki da yawa a cikin manhaja ɗaya, kowanne na tafiyar da nasa a lokaci guda. Zare ɗaya yana kula da allon da yaron Alhaji ke dannawa, ɗaya yana aika lissafin ciniki ta intanet, ɗaya kuma shi ne mai kunna inji da kashe shi. Aikin wannan na ukun ba wuya a faɗe shi: kunna inji, ka kwanta, ka tashi in an danna "tsaya", in ba a danna ba ka tashi bayan minti ashirin ka kashe. Irin wannan jira mai wa'adi yana ko'ina a cikin manhajoji. Wayarka tana yin sa duk lokacin da take jiran amsar banki, na'urar POS tana yin sa, burauza tana yin sa sau ba adadi a wuni. Zaren da ba shi da aiki bai kamata ya yi ta zagaye yana tambaya yana cin batir ba, sai ya kwanta a ce za a tashe shi, kuma a sa masa iyaka don kada ya kwana har abada in wanda zai tashe shi ya ɓata.

A tsarin POSIX, wato ƙa'idojin da Linux da danginsa ke bi, umarnin da aka fi yin wannan da shi sunansa pthread_cond_timedwait. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba a ce masa "jira minti ashirin". Ana ce masa "jira har ƙarfe kaza". Kai ne za ka duba agogo, ka ƙara minti ashirin a kai, ka miƙa masa sakamakon. In kuma ba ka faɗi wane agogo kake nufi ba, zai ɗauki CLOCK_REALTIME, agogon da ke ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970, wanda daga gare shi ake fitar da kwanan wata da lokacin da kake gani a kusurwar allo. Bari in kira shi agogon gari, domin aikinsa shi ne ya yi daidai da na sauran mutane.

To ga yadda aka yi a rijiyar. Kwamfutar ba ta da batirin riƙe lokaci, duk sanda wuta ta ɗauke sai ta manta ƙarfe nawa. Da safiyar ranar data ta ƙare a modem, don haka da ta tashi ba ta sami inda za ta tambaya ba. Yaron ya ga lokaci ba daidai ba, ya duba wayarsa ya saita ƙarfe goma, kamar yadda na koya masa. Amma ni ban saita wa na'urar shiyyar Najeriya ba, tana kan lokacin duniya na UTC, wanda muke gabansa da awa guda. Saboda haka a zahiri yaron ya tura agogon gaba da awa ɗaya cif. Ya kunna inji, manhaja ta rubuta wa'adi: goma da minti ashirin. Ana cikin haka aka saka data, intanet ya dawo, manhajar daidaita lokaci ta ga an yi kuskure, ta mayar da agogo ƙarfe tara da 'yan mintuna. Zaren yana nan kan alkawarinsa na goma da ashirin. Minti ashirin suka zama tamanin.

Tushen matsalar a nan yake, kuma ba ta kwamfuta kaɗai ba ce. Tambayoyi biyu ne mabambanta muke amsawa da kalma ɗaya, lokaci. Ta farko: ƙarfe nawa? Ta biyu: an daɗe kamar yaya? In direban motar Daura ya ce zai tashi ƙarfe huɗu, dole agogonka ya yi daidai da nasa, in naka ya yi kuskure gyara shi ne maslaha. Amma matar da ta ɗora shinkafa ba ruwanta da ko agogon ɗaki daidai yake. Ko wani ya zo ya murɗa shi baya, shinkafar ba za ta fasa ƙonewa ba. Abin da take buƙata shi ne ma'aunin da ke tafiya gaba kawai, kamar mai jan carbi: bai san ƙarfe nawa ba, amma ya san ƙwaya nawa ta wuce ta hannunsa, kuma ba wanda zai zo ya mayar masa da ƙwayar da ya riga ya ja. Kwamfuta tana da irin wannan, shi ne CLOCK_MONOTONIC. A Linux yana fara ƙirga ne daga wajen lokacin da na'ura ta tashi, ba a iya saita shi, ba ya tsalle gaba ko baya. Lambarsa ita kaɗai ba ta da ma'ana, sai an debe ta farko daga ta biyu. Zan kira shi agogon carbi. Duk jiran da ma'anarsa "na tsawon kaza" a kan agogon carbi ya kamata ya zauna, kuma kuskurena shi ne na ɗora shi a kan agogon gari.

Wani zai ce ai sauyin agogo ba kullum ba ne. A ɗakunan manyan kwamfutoci na Turai da Amurka, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma intanet ba ya yankewa, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Tsarin NTP na daidaita agogon kwamfuta ta intanet, wanda David Mills ya assasa a shekarun 1980, yana da hanya biyu ta gyara. In kuskuren ƙarami ne, ba ya taɓa lambar agogon, sai ya ɗan rage masa gudu ko ya ƙara, abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan a kowane sakan ba, har ya daidaita a hankali. In kuskuren ya wuce milisakan 128, a saitin asali na manhajarsa ntpd, sai ya ɗauke agogon cak ya ajiye inda ya dace. Dalilin a fili yake: da wancan gudun na lallaɓawa, gyaran sakan ɗaya yana cin sakan 2000, gyaran awa guda kuwa sai an yi kwana 83. Na'urar da ke kunne dare da rana tana magana da intanet ba ta cika kaiwa ga tsalle ba. Mu kuwa a Katsina fa? Kwamfutocin da ke shagunanmu da ofisoshinmu yawancinsu na hannu ne, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe musu lokaci ya daɗe da mutuwa. Wuta tana ɗaukewa sau da yawa a wuni, a koma janareto, a koma sola. Data tana ƙarewa. Mai gyara ya saka Windows ya bar shiyyar lokaci a kan ta yammacin Amurka, mai shago ya gyara da hannu don ta yi daidai da agogon bango. Abin da littattafai ke kira lamari mai wuyar aukuwa, a wurinmu abincin yau da gobe ne, shi ya sa nake ganin mai rubuta manhaja a nan ya fi kowa buƙatar ya san wannan batu ciki da bai.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar. Sauya shiyyar lokaci, ko ƙarin awa guda da ƙasashe irin su Ingila ke yi a lokacin zafi, ba ya motsa CLOCK_REALTIME, domin shi a kan UTC yake ƙirga, fassarar da ake nuna wa mutum ce kawai ke sauyawa. Da shiyyar tana kan daidai lokacin da yaron ya saita lambar agogo, da babu abin da zai faru.

Tsallen baya shi ne mai sa zare ya yi barcin da ya wuce kima. Tsallen gaba kuma nasa sharrin daban ne. Ka ɗauki kwamfutar da ta tashi tana zaton shekarun baya ne, zaruruwa suka rubuta wa'adinsu na sakan talatin-talatin, sai intanet ya zo agogo ya haura shekaru a ƙiftawar ido. Duk wa'adin nan sun cika a lokaci guda. Zaren da ke jiran amsar saba, wato kwamfutar da ya aika wa buƙata, ya yanke hukuncin cewa ba ta amsa ba alhali ko sakan biyu bai yi ba, ya sake aika buƙatar. In cinikin kuɗi ne kuma ba a yi wa ɗaya ɓangaren kariya ba, ana iya rubuta abu ɗaya sau biyu. Wannan ya fi wuyar kamawa, domin ba a ganin ruwa a lungu, sai dai lissafi ya ƙi daidaita da yamma.

Me ya sa tun farko aka zaɓi "har ƙarfe kaza" maimakon "na tsawon kaza"? Ba sakaci ba ne, kuma a ganina zaɓin daidai ne. Zaren da ke jira yana iya farkawa ba tare da kowa ya tashe shi ba, ƙa'idar POSIX ta yarda da haka. Ko kuma a tashe shi, kafin ya kama kwaɗon da ke kulle bayanan don kada zare biyu su taɓa su tare, wani zaren ya riga shi ɗauke abin. Don haka dole ne a sa jiran a cikin zagaye: ka farka, ka duba ko abin da kake jira ya tabbata, in bai tabbata ba ka koma. Da tsawon lokaci ake bayarwa, duk komawa sai ƙirga ta faro daga farko, minti ashirin su yi ta sabuntawa. Da wa'adi tsayayye kuwa, sau ɗaya za ka lissafa shi kafin ka shiga zagayen, ko sau goma ka farka shi ne dai. Abin da ya gurgunta tsarin shi ne agogon da aka jingina wa'adin da shi.

Maganin a C, harshen rubuta manhaja, gajere ne. Kafin ka ƙirƙiri abin da zaren zai yi jira a kansa, ka kira pthread_condattr_setclock ka ba shi CLOCK_MONOTONIC, sannan ka lissafa wa'adi da clock_gettime a kan wannan agogon dai. Sai an yi biyun tare. Na ga wanda ya yi na farko ya manta na biyu: ya ɗauko lambar agogon gari, wadda ta haura sakan biliyan ɗaya da rabi, ya miƙa wa agogon carbi da bai wuce 'yan dubbai ba. Zarensa zai jira fiye da shekara hamsin. In aka juya kuma, aka ba agogon gari lambar carbi, wa'adin ya faɗa a Janairun 1970, jira ya ƙare tun bai fara ba, zaren ya yi ta zagaye yana zafafa na'ura. Ban da haka ba ko'ina ƙofar take a buɗe ba. macOS ba shi da pthread_condattr_setclock, nasa umarnin daban ne mai karɓar tsawon lokaci. Su sem_timedwait da pthread_mutex_timedlock kuwa a ɗaure suke da agogon gari, ba zaɓi. Sai a 2019, da glibc 2.30 ta fito, wato tarin umarnin C da Linux ke amfani da shi, aka samu pthread_cond_clockwait da sem_clockwait da pthread_mutex_clocklock, waɗanda ake faɗa musu agogo a wurin kira.

Wannan jinkiri ya shafi harsunan da aka gina a kai, kuma nan ne nake so matasanmu masu koyon sana'ar su tsaya su duba da kyau. C++ tun 2011 ta raba system_clock da steady_clock, ta kuma tanadi wait_for don jiran tsawon lokaci. Mutum zai rubuta komai yadda littafi ya ce, amma a Linux, tarin umarnin da ke zuwa tare da GCC, manhajar da ke fassara wa na'ura rubutun, ya daɗe yana juya wa'adin zuwa agogon gari a ɓoye, saboda ba shi da wata hanya mai sauƙi, har sai GCC 10 a 2020 tare da sabuwar glibc. Ma'ana rubutu ɗaya, a tsohuwar na'ura ya maƙale, a sabuwa ya wuce lafiya. Java ta sha irin wannan a Linux, inda Thread.sleep da Object.wait kan maƙale in an ja agogo baya, kafin a gyara a zamanin Java 8. Python ba ta samu time.monotonic ba sai a 3.3, shekarar 2012. Tunda tsofaffin na'urori da tsofaffin manhajoji ne suka fi yawa a hannunmu, sanin ƙa'idar harshe bai wadatar ba, sai ka san abin da ke ƙarƙashinsa a na'urar da za ka kai wa mai ita.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, kuma sakan ɗaya tak ya ishe su. Saboda juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atom, tun 1972 ake ƙara wa UTC sakan guda jefi-jefi, an yi haka sau 27. Na ƙarshen Yunin 2012 ya faɗo mana nan da ƙarfe ɗaya saura sakan na daren 1 ga Yuli. Wani kuskure a zuciyar Linux ya sa ɓangaren da ke tashin zaruruwa bai samu labarin gyaran ba, ya zama yana gaba da sakan ɗaya. Duk jiran da bai kai sakan ba sai ya riƙa dawowa nan take, zaruruwan Java da MySQL suka yi ta zagaye har na'urori suka cika suka tsaya. Reddit da Mozilla sun ji a jikinsu, jiragen Qantas sun yi jinkiri a Ostireliya. Maganin gaggawa da aka yi ta yaɗawa shi ne a sake saita agogo da umarnin date a kan lokacin da yake. A daren shiga 2017 kuma, manhajar kamfanin Cloudflare mai nemo adireshin shafukan intanet (DNS), wadda aka rubuta da harshen Go, ta debe lokaci daga lokaci ta samu lamba ƙasa da sifili, abin da marubutanta suka ɗauka ba zai yiwu ba, wani ɓangarenta ya faɗi. Bayan wannan ne Go 1.9 ta fara ɗauke da karatun agogon carbi a cikin kowane time.Now. A 2022 babban taron awo na duniya ya amince a daina ƙara wannan sakan nan da 2035. Wannan zai rufe ƙofa ɗaya, amma ba zai sa wa kwamfutar shagon Alhaji batir ba.

Kada kuma a ɗauka agogon carbi ya raba gardama. A Linux, CLOCK_MONOTONIC yana tsayawa in na'ura ta shiga barci. Ka rufe laftof awa uku, ka buɗe, shi a wurinsa ko minti ba a yi ba. Wani lokaci haka ake so, wani lokaci kuma haɗari ne, kamar izinin shiga asusu da ya kamata ya mutu bayan minti biyar ko na'ura na barci ko tana farke. Don wannan aka kawo CLOCK_BOOTTIME a 2011, mai ƙirgawa har da barci. Android ta fito da bambancin fili: uptimeMillis ba ya ƙirga barci mai nauyi, elapsedRealtime yana ƙirgawa. A Windows, WaitForSingleObject tsawon lokaci yake karɓa, don haka sauyin agogo bai dame shi ba, amma daga Windows 8 ba ya lissafa lokacin barci, tsohon GetTickCount kuma yana cika ya koma sifili bayan kwana 49 da awa 17.

Sannan akwai jiran da agogon gari ne haƙƙinsa. Manhajar da za ta tashe ka sahur, ko ta rufe lissafin rana da sha biyun dare, in an gyara agogo so ake ta bi gyaran. Kuskure ne a lissafa "saura awa shida" a ɗora a kan carbi, domin in agogon da aka yi lissafin da shi karkatacce ne, ƙararrawar tana iya bugawa bayan an kira assalatu. Irin wannan ko dai a ba shi wa'adi a kan CLOCK_REALTIME, ko a nemi sanarwa in agogo ya motsa. Linux tana da timerfd da tutar TFD_TIMER_CANCEL_ON_SET, wadda ke katse jiran da zarar an saita agogo don ka sake lissafi, Android kuma tana aika saƙon ACTION_TIME_CHANGED.

Abin da ya fi ba ni wahala, kuma har yanzu ba ni da amsa mai tsabta a kansa, shi ne jiran da zai ƙetare ɗaukewar wuta. Carbi yana tsinkewa duk sanda na'ura ta mutu, in ta tashi sabo take farawa, lambar jiya ba ta haɗuwa da ta yau, haka ta wannan na'ura ba ta haɗuwa da ta waccan. Agogon gari kuma a daidai lokacin tashi ne ya fi rashin amana. Abin da nake yi yanzu shi ne manhaja ta riƙa rubuta a faifai, duk bayan ɗan lokaci, yawan abin da ya riga ya wuce na aikin, ba lokacin da zai ƙare ba, kuma kada ta yarda da kwanan wata sai ta tabbatar an daidaita shi da intanet ko da batirin agogo mai rai.

A rijiyar, gyaran manhajar bai wuce layi huɗu ba. Na saita shiyya a kan Africa/Lagos, na cire wa allon wurin saita lokaci da hannu, na sayo ƙaramin agogo mai batir na maƙala wa kwamfutar. Sannan na zauna a kan benci gefen tanki na yi gwajin da ya kamata in yi tun kafin in kawo ta: na kunna inji, na ja agogo baya da awa guda da umarnin date, na tura shi gaba da shekara, na cire modem na mayar, ina duba agogon hannuna. A minti na ashirin injin ya yi shiru. Alhaji ya ce duk da haka a sa masa maɓallin nan mai yawo a kan ruwa, wanda ke yanke wuta da kansa in tanki ya cika, ba tare da ya bi ta kwamfuta ba. Washegari na kawo shi muka ɗaura.